HANNUN DA KE MUTUWA DA DARE, DA ALLURAR DA AKE YI MASA

Tsakar dare, gida ya yi tsit, sai uwargida ta farka. Hannunta na dama ne ya tashe ta. Babban yatsa da biyu na kusa da shi suna zugi, kamar cinnaku sun shiga ƙarƙashin fata. Ta zauna bakin gado, ta yi ta yarfa hannun kamar mai yarfe ruwa. Can an jima ya saki, ta koma ta kwanta. Kafin asalatu ya sake tashe ta.

Da safe ga hatsi cikin turmi yana jiran surfe. Ga guga, ga wanki, ga tuƙin tuwo. Ta ɗauki allura za ta ɗinke rigar yaro, allurar ta faɗi ba ta ji faɗuwarta ba. Wata rana ƙwaryar nono ce za ta suɓuce mata, kishiya ta ce sakarci ne.

Babu ƙauyen da ba shi da irin wannan mace. Akwai maza ma: mai tatsar shanu, maƙeri, maɗinki, mai jan ruwa a rijiya mai gaba 30, ɗan kabu-kabun da ke wuni riƙe da kan babur. Wasu su ce sanyi ne. Wasu su ce iska ce ta taɓa hannun, wasu kuma su ce sammu. A yi tsaga, a yi ƙaho, a shafa man zafi. Ciwo yana nan inda yake, don wurin da ya ɓuya aska ba ta kai can.

INA CIWON YAKE?

Mai karatu ya buɗe tafin hannunsa ya dubi inda hannu ya haɗu da damtse, wato wuyan hannu. A nan akwai ƙananan ƙasusuwa guda 8. Sun jeru sun yi kwari kamar kwamin ban ruwan dabbobi. Bisa kwarin nan akwai wata fata mai tauri da ta rufe shi kamar marfi. Ka ga ke nan an samu ɗan kwararo: ƙashi a ƙasa da gefe biyu, marfi a sama. Da Faransanci likitoci suna ce masa kanal karpiyan.

Abu 10 ne ke bi ta cikin kwararon. Guda 9 agara ce, irin fararen igiyoyin nan da mahauci ke gani a ƙafar rago. Su ke jan yatsu in mutum zai damƙe abu. Na goman jijiya ce mai laushi, wadda ba ta ɗauke da jini. Aikinta kai saƙo. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa abin da yatsu suka taɓa, zafi ne ko sanyi, ƙaya ce ko auduga. Ita ce kuma ke ba tsokar gindin babban yatsa umurni.

Makiyayi ya san abin da ke faruwa in bajimai 9 da maraƙi ɗaya suka shiga burtali mai ƙunci. Burtali ba ya buɗewa. Wanda za a matse, maraƙi ne. To haka abin yake. In rigar da ke lulluɓe da agara ta kumbura, ko ruwa ya taru a jiki, ƙashi ba ya matsawa, marfi ba ya ɗagawa, sai jijiya ta sha matsi. Da dare abin ya fi tsanani domin mai barci yakan lanƙwashe hannu bai sani ba, kwararo ya ƙara tsukewa.

Jijiyar nan tana kula da babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Ƙaramin yatsa ba nata ba ne, wata jijiya ce daban ke kula da shi. Wannan alama ce babba, a riƙe ta da kyau. Mai wannan ciwo in ya farka da dare ya tsunkuli ƙaramin yatsansa, zai ji shi garau.

Mata sun fi maza kamuwa, wajen ninki 3. Ya fi yawa ga wanda ya wuce shekara 40. Mai ciki takan same shi a watannin ƙarshe saboda ruwan da ke taruwa a jiki, kuma sau da yawa yakan tafi da kansa bayan haifuwa. Mai ciwon sukari, da mai ƙiba, da mai ciwon gaɓoɓi, da wanda ya taɓa karaya a wuyan hannu, duk sun fi kusa da shi. Sai kuma aikin da ake damƙe abu da ƙarfi ana maimaitawa tun safe har dare, ko riƙon mashin mai karkarwa. A ƙasar Suwidin an yi wani bincike da aka ba da labarinsa a 1999, aka tarar wajen mutum 3 cikin manya 100 suna da shi tabbas.

BA KOWACE MUTUWAR HANNU CE WANNAN BA

Nan wurin yana son natsuwa. Kuturta ma tana kashe yatsu. Amma ita ta fi farawa ta wajen ƙaramin yatsa, kuma sau da yawa akwai tabo mai haske a jiki wanda in an taɓa shi mutum ba ya ji. Kuturta tana da magani, ana warkewa cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya duka. A Danja, kusa da Maraɗi, an daɗe ana kula da masu ita. Wanda ya ɓoye tabo don kunya, shi ke rasa yatsu.

Ciwon sukari yakan kashe tafin ƙafa biyu kafin ya zo hannu. Ciwon ƙashin wuya yakan sauko da zugi tun daga kafaɗa. In kuwa hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce. Ba a kwana da ita a gida, sai a nemi mota ko amalanke a nufi asibiti nan take.

Shi ya sa kafin a yi zancen allura, tilas likita ya duba. Zai sa mutum ya lanƙwasa hannu ƙasa ya riƙe har minti ɗaya, ya ga ko yatsu za su mutu. Zai ƙwanƙwasa wuyan hannu da yatsa, ya tambaya ko an ji tartsatsi ya tafi cikin yatsu. Zai dubi tsokar gindin babban yatsa, ko tana nan cike ko ta fara lotsawa. A manyan asibitoci akwai kuma awon da ake yi da ɗan lantarki kaɗan, a ga saurin tafiyar saƙo cikin jijiya.

DAGA LALUBE ZUWA GANI DA IDO

Ciwon tsoho ne, saninsa ne sabo. Wani likitan Ingila, Jems Pajet, ya ba da labarin matsewar jijiyar nan tun 1854. Amma sai bayan 1950 wani likitan Amurka mai suna Joj Falen, na birnin Kilibilan, ya bayyana wa sauran likitoci cewa ciwon yana da yawa ƙwarai. Gwajin nan na minti ɗaya ma da sunansa ake kiransa. A lokacin ne kuma aka samu kortizon, maganin da ke sassabe kumburi. A 1957 Falen da abokin aikinsa suka rubuta yadda suke zuba irin wannan magani cikin kwararon da allura.

Shekara da shekaru da lalube ake yin allurar. Likita ya taɓa agara da yatsa, ya auna wurin da ido, ya soka. Gwani yakan dace, kuma har yau akwai gwanayen da ke yi haka lafiya lau. Amma Allah bai halicci hannuwa iri ɗaya ba. Jijiyar wani ta karkata gefe. Ta wani ta rabu biyu, har da ƴar jijiyar jini a tsakani. In tsinin allura ya shiga cikin jijiyar kanta aka tura magani, ana iya yi mata lahanin da zai daɗe, wani ma ba ya gyaruwa. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma wanda abin ya faɗa wa, hannu guda ya tafi.

Sai ga mashin da ake kira ekogarafi. Matan da suka je awon ciki a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa sun san shi: shi ne wanda ake shafa wa ciki wani abu mai sanyi mai yauƙi, a ɗora, sai ga jinjiri yana motsi cikin gilashi kamar talabijin. Wani likitan mata a birnin Gilasgo, Iyan Donal, shi da abokansa suka nuna amfaninsa a 1958. Wajen 1991 likitocin ƙasar Otirish suka nuna ana iya ganin jijiyar wuyan hannu da shi.

Yadda yake aiki ba wuya. Wanda ya leƙa rijiya ya yi kira, muryarsa za ta dawo masa. Mashin ɗin yana aika wata ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, irin wadda jemage ke neman hanya da ita cikin duhu. Ƙarar ta bugi ƙashi, ta bugi agara, ta bugi jijiya, kowane ya maido ta da irin tasa amsa. Mashin ya tattara amsoshin ya mai da su hoto. Ba ya ƙuna, ba ya zafi, kuma ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, shi ya sa ake yi wa mai ciki ba fargaba.

YADDA AKE YIN ALLURAR

Majinyaci yana zaune ko kwance, tafin hannu yana duban sama. A wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Likita ya ɗora kan mashin a gicciye bisa wuyan hannu. Kan da ake sa wa hannu daban yake da na awon ciki, nasa shimfiɗaɗɗe ne, mai ganin abin da ke kusa da fata.

Cikin gilashi jijiya takan fito kamar ƴar saƙar zuma. Likita zai auna kaurinta, domin jijiyar da ta sha matsi takan kumbura a bakin kwararo, kamar tiyon ruwa da aka taka. Zai duba kuma ko akwai wani ƙari ko ƙullutu da ke cin wuri. Zai ga inda jijiyoyin jini suke bugawa don ya kauce musu.

Sa'an nan ya shigo da siririyar allura, yawanci ta gefen ƙaramin yatsa. Allurar tana fitowa cikin gilashi kamar farin zare. Hannu ɗaya na riƙe da mashin, ɗaya na tura allura, ido na kan gilashi. In tsini ya zo dab da jijiya sai ya tsaya, ba ya shiga cikinta. Ya tura magani a hankali. Ana ganin ruwan baƙi-baƙi yana zagaye jijiya, yana ɗaga ta daga marfin da ya danne ta. Maganin ɗan kaɗan ne, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Duka aikin bai fi minti 15 ba, mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa.

Abu ɗaya ake so ga majinyaci. In ya ji wani tartsatsi ya harba cikin yatsu kamar ya taɓa minjirya, ya faɗa nan take. Nan ba wurin nuna jarumtaka ba ne. Mata da yawa an hore su da cije haƙori, ko wajen haifuwa ba su kuka. A wannan wuri shirun cuta ne, don maganar majinyaci ita ke sa likita ya ja allura baya.

Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, an ga allurar da aka yi da mashin ta ɗan fi ta lalube sauƙaƙa ciwo, kuma kuskure ya fi ƙaranci. Bambancin sauƙin ba mai yawa ba ne can. Babbar ribar ita ce likita yana ganin inda tsininsa yake. Mashin kuwa ba ya aiki shi kaɗai, sai da hannun da aka koya wa wannan aiki musamman.

Bayan allura a huta wa hannu kwana 2: ba daka, ba jan guga. Wurin yakan yi zafi kwana ɗaya ko biyu kafin sauƙi ya zo. Mai ciwon sukari ya sani sukarinsa zai hau na ƴan kwanaki, saboda haka ya gaya wa likita tun kafin a fara. Haka mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini. Ga mai baƙar fata, wani lokaci inda aka soka yakan yi fari-fari bayan ƴan makonni. Maganin ne ya jawo, yawanci yakan koma daidai bayan watanni, kada maƙwabta su ɗauka kuturta ce. Amma in wurin ya kumbura, ya yi ja, ga zazzaɓi, a koma asibiti ran nan.

ALLURA TANA WARKARWA?

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: allurar tana ba da sauƙi, amma ga yawancin mutane sauƙin na ɗan lokaci ne, makonni ko watanni.

A Ingila an gwada mutum 234 masu ciwon da bai yi tsanani ba, aka ba da labari a 2018. Rabi aka yi musu allura ɗaya. Rabi aka ba su takalmin hannu, wato abin ɗauri mai tauri da ke hana wuyan hannu lanƙwashewa, su kwana da shi. Bayan sati 6 masu allura sun fi samun sauƙi. Bayan wata 6 ɓangaren biyu sun zo kusan daidai.

A Suwidin kuma, a wani gwaji da aka ba da labarinsa a 2013, an raba mutum 111 kashi uku, kowane kashi 37. Dukansu sun riga sun gwada takalmin hannu bai yi musu ba. Kashi na fari aka ba su magani mai yawa, na biyu rabin wannan, na uku ruwan gishiri, ba wanda ya san abin da aka ba shi. Bayan sati 10 masu magani sun fi jin daɗi. Amma kafin shekara ta zagayo, 27 daga kashi na fari an yi musu aiki da wuƙa, 30 daga na biyu, 34 daga na uku. Mai lissafi ya duba da kansa: allura ta jinkirta aikin, ta kuɓutar da kaɗan, amma mafi yawa sun ƙare a hannun mai fiɗa. A gwaje-gwajen nan biyu ba da mashin aka yi allurar ba.

Akwai kuma na ƙasar Holan, da aka ba da labarinsa a 2025, da mutum 934. Bayan wata 18, cikin kowane 100 da aka fara yi wa aiki 61 sun warke. Cikin 100 da aka fara da allura 45 ne suka warke.

Akwai wata dabara kuma da mashin ya kawo. Tunda ana ganin jijiya, ana iya tura ruwa mai ɗan yawa a kewaye da ita don a ɓanɓare ta daga abin da ta manne wa. Likitocin Taiwan sun ba da labari a 2017 da 2018 cewa sun gwada haka da ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100, irin wanda ake ƙara wa majinyaci a asibiti. Sun ga sauƙin ya kai wata 6, har a gwaji na biyu ya fi na kortizon daɗewa. Mutanen da aka gwada kaɗan ne. Wasu kuma suna ɗibar jinin mutum, su tace, su mayar masa da wani sashe a wurin. Wannan yana da tsada, kuma ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce a 2024 bai nuna amfani mai ɗorewa ba. Kada wani ya ji an ce ruwan sukari ya ɗauka na shayi ne. Wancan a masana'anta ake haɗa shi, a rufe cikin leda ko kwalba ba ƙwayar cuta ko ɗaya.

TO, INA AMFANINTA GA MANOMI?

Amfaninta lokaci. Aikin da ake yi da wuƙa ƙarami ne: a kashe wurin da allura, a tsaga ɗan kaɗan a gindin tafin hannu, a yanke marfin nan, jijiya ta samu sarari. Bai kai rabin awa ba, kuma ba a cika kwana asibiti ba. Ana cire zare bayan kamar sati 2. Amma kafin hannu ya koma riƙon hauya ko taɓarya sai an yi sati 4 zuwa 6, wani ma ya fi haka.

Wanda ciwo ya matsa wa a farkon damina, in aka yi masa aiki a lokacin, noman fari da maimai sun wuce shi. Ga irinsa allura tana da rana. Tana iya ba shi barci da ƙarfin riƙo har a kai amfani rumbu, sa'an nan a yi aiki da rani in ciwon ya dawo. Haka mai cikin da zugi ya hana ta barci, kuma takalmin hannu bai yi mata ba: likita yana iya yi mata allura ta kai ta haifuwa. Wanda nasa bai daɗe ba, bai kuma yi tsanani ba, wani lokaci allura ɗaya ta ishe shi. Kuma in allura ta ba mutum sauƙi ko na wata ɗaya ne, alama ce ciwon a kwararon yake, aiki ma zai yi masa amfani.

Likitoci ba su son maimaita ta barkatai. In an yi sau ɗaya ko biyu ciwo ya dawo, sai a yi shawarar aiki, domin yawan kortizon yana raunana agara.

Akwai kuma wanda bai kamata ya tsaya jiran kaka ba. In yatsu sun mutu dare da rana ba sakewa, in tsokar gindin babban yatsa ta lotsa, in mutum ba ya iya sa maɓallin riga ko tsintar ƙwayar wake a ƙasa, jijiya ta fara lalacewa ke nan. Allura za ta iya rage zugi, mutum ya ce ya warke, alhali jijiya tana ci gaba da mutuwa. Tsokar da ta daɗe da shanyewa ba lalle ta dawo ba ko an yi aiki. Gonar bana ɗaya ce, ana iya kiran gayya ko a ɗauki ƴan ƙwadago.

Babban haɗari yana kasuwa. Masu yawo da magani bisa tire ko bayan keke suna da irin wannan magani, ƙwaya da ruwa, har mata na sayen ƙwayar don su yi ƙiba. Wani cikinsu yana da sirinji, in an ce hannu ke ciwo sai ya ce a kawo ya soka a wurin. Likitan da ya yi shekaru yana karatu, ga mashin gabansa, da taka-tsantsan yake kusantar jijiyar nan. Ina ga wanda bai san ma tana nan ba? Shan ƙwayar kullum kuma yana kumbura fuska, ya hau da jini, ya jawo ciwon sukari, ya rage ƙarfin ƙashi.

Hanya ita ce a fara da gidan likita na kusa. In abin ya fi ƙarfinsu su ba da takarda zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibiti. Mai zuwa ya tafi da amsar tambayoyin da za a yi masa: yatsu nawa ke mutuwa, ƙaramin yana ciki ko babu, tun yaushe, da dare kawai ko har da rana.

Kafin a samu kuɗin mota akwai abin yi a gida. A samu ɗan katako mai faɗin yatsu 3, a naɗe shi da tsumma mai laushi, a ɗora daga tsakiyar damtse zuwa tsakiyar tafi, a ɗaure sako-sako yadda wuyan hannu zai miƙe sak, a kwana da shi kullum har sati 6. In yatsu suka yi sanyi ko suka kumbura, ɗaurin ya yi tsauri, a sassauta. A naɗa wa ƙotar hauya da muciya tsumma don su yi kauri, riƙo ya yi sauƙi. Mai tatsa ya riƙa hutawa tsakanin saniya da saniya. Inda akwai mashin niƙa a gari, maigida ya fitar da kuɗin niƙa. Inda babu, ƴan mata da kishiya su karɓi taɓarya, ita kuwa ta koma bakace da tankaɗe.